Na Yi Kukan Mahaifina a Gaban Aji, Aka Tafa Mini

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 22, a Agege aka haife ni, nan na tashi. Wata huɗu ke nan da na shiga wata makarantar koyon wasan kwaikwayo a Yaba, Asabar da Lahadi muke zuwa. Mama ce ta biya mini da kuɗin adashinta, duk da surutun da dangi suka yi ta yi. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ajin.

An haɗa ni da wani saurayi aka ba mu fitowa ɗaya: wa da ƙanwa suna raba kayan mahaifinsu bayan ya rasu. Duk gwajin da muka yi sai malam ya ce na haddace magana amma babu rai a ciki. Ran nan ya tsayar da ni a tsakiyar aji, ya tambaye ni ko na taɓa yin rashi. Na ce Babana, shekara ɗaya da rabi ke nan. Ya ce in rufe ido, ya dinga tambaya: ina nake aka gaya mini, wace riga ce a jikinsa a asibiti, me ya faɗa mini na ƙarshe. Ina amsawa har na fashe da kukan da ko ranar jana'iza ban yi irinsa ba. Sai ya ce to, yanzu fara. Na yi fitowar ina kuka, 'yan aji suka miƙe tsaye suna tafi. Wata ma ta ɗauka a waya ta saka a zaurenmu na WhatsApp.

Tun ranar barci ya gagare ni, da na rufe ido sai in ga gadon asibitin. Ina jin kamar na sayar da mutuwar Baba don a tafa mini. Saura mako uku a yi wasan kammalawa, za a gayyato masu shirya fim, malam ya ce yadda na yi ran nan haka yake so, abokin wasana ma yana ta roƙona. Na sake gwadawa sau biyu. Na farko ban ji komai ba, na biyu na kasa tsayar da kukan har magana ta ɓace mini. Mama ta ce za ta zo kallo, ba ta kuma san labarin wasan ba. In bar ajin ne, ko kuwa haka sana'ar take, ni ce ba ni da juriya?

Wata ɗaliba daga Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta makwancinsa, ke da Mama ya ƙara muku haƙurin rashi.

Bari in fara cire miki abin da ya fi cin ranki. Ba ki sayar da komai ba. Ba ki tashi daga Agege da safen nan da niyyar kai mutuwar mahaifinki kasuwa ba. An tsayar da ke a gaban mutane, wanda kike gani da girman malami ya yi miki tambaya, ke kuma tarbiyyar da aka yi miki ba ta koya miki ki dubi babba ki ce ba zan faɗa ba. Hawayen ma ba laifi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Kin ce ko ranar jana'iza ba ki yi irin wannan kukan ba, ban kuma yi mamaki ba. Mun san yadda gidan rasuwa yake a wajenmu: tsakar gida cike da 'yan gaisuwa, 'ya mace tana tsakanin murhu da shimfiɗa tabarma da kai ruwan alwala, kowa ya shigo sai ya ce a yi haƙuri, a daina kuka, addu'a yake buƙata. Kafin ki ankara an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, kowa ya watse, naki kukan yana nan a ƙunshe. Shi ne ya sami ƙofa ran nan, sai dai ya same ta a wurin da babu mai rarrashinki. Tafin da 'yan ajinku suka yi kuwa, ina kyautata zaton yawancinsu abin ya taɓa su ne, ba su san wata hanyar nuna miki ba.

Sai tambayarki, ko haka sana'ar take. Abin da malaminki ya yi yana da asali, ba shi ya ƙirƙiro ba. Konstantin Stanislavski, mutumin Rasha da ya kafa shahararren gidan wasan kwaikwayo na Mosko tare da abokin aikinsa a 1898, yana cikin waɗanda suka fara koyar da cewa ɗan wasa zai iya tuno abin da ya taɓa ji a rayuwarsa ya zuba shi a rawar da yake takawa. Lee Strasberg ya ɗauki wannan a Amurka ya mai da shi ginshiƙin koyarwarsa. Amma tun a wancan zamanin kan malamai bai haɗu ba. Stella Adler, wadda suke ƙungiya ɗaya da Strasberg, ta je ta sami Stanislavski da kansa a birnin Faris na ƙasar Faransa a 1934, ta yi makonni tana ɗaukar karatu a wajensa, ta dawo da labarin cewa dattijon ya fi ba da ƙarfi ga ƙirƙirar tunani, da halin da marubuci ya jefa mutum a ciki, da abin da mutumin yake aikatawa a dandamali. Ta ƙare rayuwarta tana koyar da wannan, tana kuma adawa da tono ciwon ɗalibai. Shi kansa Strasberg shawararsa ita ce abin da za a tuno ya kai shekara 7 da faruwa, don ya zama ya huce. Naki shekara ɗaya da rabi ne. Ko a ma'aunin masu wannan hanyar, an yi gaggawa da ke.

Ba ma sai mun je Rasha neman hujja ba, tana cikin wasiƙarki. Kin gwada sau biyu: sau ɗaya ba ki ji komai ba, sau ɗaya kuka ya ƙwace miki har magana ta ɓace. Abin da ba ki da iko a kansa bai zama sana'a ba tukuna. Sana'a ita ce abin da za ki yi yau ki sake gobe, kamar yadda mai ƙosai a bakin tasha take fitar da ƙosanta iri ɗaya kowace safiya, ko ta kwana da daɗi ko ba ta kwana ba. Wasan dandamali a gidajen wasa irin su Terra Kulture na nan Legas ana maimaita shi kwana da kwanaki, wani lokaci sau biyu a yini ɗaya. A fim kuwa fitowa ɗaya za a ɗauka daga nesa, a matso da kyamara a sake, a juya ta wajen abokin wasa a kuma sakewa, ga janareto ya ɗauke an dawo farko. Idan kowace ɗauka sai kin koma bakin gadon asibitin nan, cikin abu biyu ɗaya zai faru: ko jikinki ya gaza, ko tunanin ya dushe har ki wayi gari kina tuna kalmar Baba ta ƙarshe ba ki jin komai. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, don asarar ba ta da madadi.

Ba na so ki ɗauki malamin nan maƙiyi. Akwai gaskiya a abin da ya gani. Mai yiwuwa da gaske hadda kike zubawa, jiki a ƙame, ido a ƙasa. Mu an raine mu da kunya da kawaici, 'ya mace ba ta ɗaga murya gaban baƙi, ba ta kallon namiji ido cikin ido, shi kuma wanda bai tashi a cikinmu ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin rashin rai. Ya nemi hanya mafi sauri, ta kuma yi masa aiki a ranar, shi ya sa yake ganin ya taimake ki. Inda ya kuskure shi ne bai auna kusancin rasuwar ba duk da kin gaya masa, ya sa kin buɗe sirrin gidanku a gaban jama'a alhali ana iya tunawa a zuci ba sai an ba aji labari ba, ya bari an ɗauke ki a waya, sannan ya sallame ki kika shiga danfo kika bi ta Oshodi ke kaɗai da wannan nauyin. Malamin da ya buɗe wa ɗalibi irin wannan ƙofar, alhakinsa ne ya tsaya har a rufe ta.

Saboda haka kada ki bar ajin yanzu, kada kuma ki sake kai Baba dandamali. Ga aikin da nake so ki yi a makon nan.

Yarinyar da ke cikin wasan ba ke ba ce, to ki ba ta nata uban. Ki sayi ɗan littafin rubutu ki zauna ki gina shi tun daga tushe, ki kuma tabbata bai yi kama da Baba ba. Idan Baba ɗan kasuwa ne, wannan ki mai da shi tela a Obalende. Idan Baba mai yawan shiru ne, wannan ya zama mai barkwanci, mai tsokanar 'yarsa da wani suna da ta tsana. Wace tasha yake kamawa a rediyo yana ɗinki? Me suka yi faɗa a kai na ƙarshe? Wane alkawari ya yi mata bai cika ba? Ki rubuta har sai kin ji idan aka ce ya mutu za ki ji babu daɗi. Tausayin mutumin da kika ƙirƙira tausayi ne na gaske, amma idan an gama kina iya rufe littafin ki ajiye shi a jaka.

Daga nan ki tambayi kanki abin da yarinyar take so a wajen yayanta a wannan fitowar. Babu wanda yake shiga ɗaki don ya yi baƙin ciki, kowa da abin da ya kawo shi. A ce wan yana so a sayar da keken ɗinkin a raba kuɗin, ita kuma ta rantse ba za a fita da shi daga ɗakin ba. To kowace jimla da kika haddace ta zama dabara: wannan lallashi ce, wannan gori ne, wannan roƙo, wannan barazana ce za ta kai ƙara wajen kawu. Da zarar kina neman wani abu a wajen mutum, dole ki dube shi, dole ki saurare shi ki ga ko maganarki ta shige shi. Wannan rai da malam yake nema a nan yake fitowa. Wanda ya tsaya yana leƙen cikinsa yana jiran hawaye, ya bar abokin wasansa yana magana da bango.

Ki kuma ba hannuwanki aiki. Ki je Katangowa ko gwanjon Yaba ki sayi tsohuwar riga da hula, kada ki kuskura ki ɗauko na Baba daga akwatin Mama. Ki shimfiɗa rigar, ki daidaita kafaɗa da kafaɗa, ki naɗe hannu ɗaya, ki shafe ta da tafin hannu. Yayan yana ta lissafin kuɗi, ke kina ninki, ba ki ɗago ba. Kina kai hannu aljihu sai ki ji wani abu: ɓarin goro da ya bushe, naɗe a 'yar takarda. Ki tsaya. Ki dube shi. Ki mayar da shi aljihun a hankali, ki ci gaba da ninki, sannan ki ba shi amsar tambayarsa da murya daidai. Babu ɗigon hawaye a nan, amma na tabbata ɗakin zai yi tsit. 'Yan kallo sun fi karaya idan suka ga mutum yana kokawa da kuka fiye da idan ya sake shi, don sai su ɗauki kukan su yi masa. A nan ne kawaicin da ake ganin ya ɗaure ki zai zama jarinki. Kin taso kina ganin matan da ake gaya wa magana mai nauyi su ce to, su gyara mayafi, su ci gaba da tankaɗe. Kin san yadda wuyansu yake yi, kin san inda suke kai ido. 'Yan ajinku da yawa ba su da wannan a hannu.

Don kada ki fahimce ni a baibai, ba cewa nake ɗan wasa ya bar rayuwarsa a gida ba. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, soja ne na gaske kafin duniya ta san shi a talabijin, kuma tafiyar bariki da Hausar bariki da tsawar da ya yi suna da su daga rayuwarsa ya ɗebo. Ke ma ki ɗebi Agege yadda kike so: yadda ake ciniki, yadda ake gaisuwar mutuwa, yadda Hausa da Yarbanci suke cakuɗuwa a bakin 'yan unguwa. Wannan duk naki ne. Mikin da bai warke ba ne kawai ba a famawa.

Abokin wasanki yana da haƙƙi a kanki, tsoronsa kuma a fili yake: masu shirya fim za su zo, yana ganin kukanki ne zai sa a lura da fitowarku. Ki gaya masa gaskiya cewa gwaji biyun da kuka yi sun nuna hanyar ba ta da tabbas, idan magana ta ɓace miki a ranar shi ma ya faɗi. Ki nuna masa cewa sabuwar hanyar ta fi yi masa riba, don yanzu zai sami wadda take jayayya da shi, ba wadda ya tsaya yana kallo tana kuka ba. Ku riƙa zuwa da wuri kuna gwaji a harabar makarantar inda mutane suke, ku yi ta maimaitawa har ta zauna.

Sannan ki sami malam kafin a shiga aji, ba a gaban ɗalibai ba, ba kuma ta saƙon waya ba. Idan kina jin nauyi ki tafi da wata 'yar aji da kika yarda da ita. Da duk harshen da kuke magana, ma'anar ta zama haka: Malam, na gode, na gane da can hadda kawai nake yi. Amma rasuwar mahaifina ba ta huce ba, tun ranar ba na barci, ba zan sake amfani da ita ba. Ka ba ni mako ɗaya in kawo maka fitowar ta wata hanya ka gani. Kin ga ba ki zarge shi ba, ba ki kuma zo hannu rabbana ba, kin zo da abin da za ki nuna. A zaman nan ki roƙe shi ya sa a goge bidiyon daga zauren, ya kuma hana ɗaukar ɗalibi a lokacin gwaji sai da izininsa. Ita wadda ta ɗauka ki same ta ke da ita, cikin mutunci, ki ce ta goge a wayarta. Ki yi wannan da wuri, don abin da ya shiga waya ba ya daɗewa a wuri ɗaya.

Malamin kirki zai karɓi wannan, wataƙila ma ya ji nauyin abin da ya faru. Idan ya ga sabuwar hanyar bai gamsu ba, ki nemi a canza muku fitowa, mako biyu ya isa a koyi wata gajeriya. Idan ya kafe cewa ko dai ki tono Baba ko ki fita daga wasan, ki kai maganar ga masu makarantar. Idan su ma suka goya masa baya, ki haƙura da wasan kammalawar, ki nemi takardar shaidarki, ki kama gabanki. Masu shirya fim ba rana ɗaya suke neman 'yan wasa ba, Legas kuma ba makaranta ɗaya ce da ita ba. Jami'ar Legas da ke Akoka tana koyar da wasan kwaikwayo, haka ma jami'ar jiha da ke Ojo, idan kina da niyyar karatu mai zurfi, ga kuma ƙungiyoyin da suke wasa a Freedom Park da sauran wurare, inda za ki je kallo ki ga yadda wasu suke aiki kafin ki sake ba kowa kuɗinki.

Ko da sabuwar hanyar, labarin mutuwar uba ne, zai iya taɓa ki. Don haka duk ranar da kuka gama gwaji kada ki ɗauki jaka ki ruga tasha. Ki cire kayan wasan ki ninke su a ledarsu, ki wanke fuska ko ki yi alwala, ki sha ruwa, ki zauna ku ɗan yi hirar duniya da wata kafin ki hau mota. Barcin kuma ki sa masa ido. Idan aka ƙara mako biyu hoton asibitin bai daina zuwa ba, ko abinci ya fita ranki, ko kika ga kin kasa ayyukanki na kullum, ki je ki ga likita, asibitin koyarwa na jiha yana nan Ikeja kusa da ku, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Zuwa can ba hauka ba ne, masu baƙin cikin rashi da rashin barci suna zuwa a taimaka musu. Idan har wani mugun tunani na cutar da kanki ya zo miki, wannan ba ya jiran mako biyu, a ranar za ki gaya wa Mama ku tafi.

Na bar Mama a ƙarshe ne don tata ta fi kowace nauyi. Matar nan mijinta ta rasa, ta yi takabarta, ta kuma tsaya miki gaban dangi da kuɗin adashinta. Bai kamata ta zauna cikin baƙi, fitila ta haska, ta ga 'yarta tana ninke rigar mamaci ba tare da an shirya ta ba. Ki ba ta labarin wasan tun yanzu, ki bar mata zaɓi: ta zo, ko ta zo da ƙanwarta ko aminiyarta, ko ta jira wani wasan. Ki kuma gaya mata abin da ya faru a aji da rashin barcin. Na san abin da yake hana ki, kina tsoron ta ce dama an faɗa, ko ta ji kuɗinta ya tafi a banza. Uwar da ta biya wannan kuɗin don ta ga kin samu abin da kike so ta biya, ba za ta so ki ci gaba da ciwo a ɓoye don kare mata adashi ba. Wataƙila ita ma tana da nata kukan da ta ɓoye don kada ta karya miki zuciya. Tambayoyin nan da aka yi miki a gaban aji, rigar da ke jikinsa da maganarsa ta ƙarshe, da ita ya kamata ki yi su, ku yi masa addu'a tare, ranar Juma'a ku fitar masa da sadaka gwargwadon hali. Da ita za ki fara, kafin Asabar ta zo ki tunkari malam.